Ma'aunin da Ba a Auna Ba

Tunda gobe za ka fara aiki a kan ɓerayenka, zauna tukuna ka ji labarin wata da ta riga ka. Ba zan faɗi sunanta ba, ba kuwa don na manta ba.

Mai bincike ce a wata jami'a, tana karatun digiri na uku. Sau ɗaya ta taɓa haihuwa, jaririyar ta kwana tara a duniya ta koma. Likitoci suka ce zuciyarta ce ba ta gama ginuwa ba. 'Yan gaisuwa suka ba ta haƙuri, ta karɓa, amma tambaya ɗaya ta ƙi barinta: me ke sa zuciyar jariri ta ƙarasa girma? Da yake ba a buɗe ƙirjin ɗan mutum don a leƙa, sai ta koma ga fararen ɓerayen ɗakin gwaji. Akwai wata ƙwayar halitta da take zargi, tana so ta ga ko aikinta yana ƙaruwa daga haihuwa zuwa yaye. To ka san ba a auna ƙwaya ita kaɗai. Sai an jera ta da wata wadda aikinta ba ya hawa ba ya sauka, kamar yadda uwa ke tsayar da yaro a jikin bango ta ja layi da gawayi. Wannan ta biyun ita ce ma'auni. Ranar da za ta zaɓi nata ma'aunin, ko rabin sa'a ba ta ɓata ba. Ta buɗe tsohon kundin malaminta, ta ɗauki wadda ya shekara ashirin yana aiki da ita. Malamin mutumin kirki ne, aikinsa ba shi da aibu. Sai dai shi a kan manyan ɓeraye ya yi nasa, waɗanda suka gama girma suka zauna. Haka aka rubuta a shafi na biyu, kuma ta karanta.

Shekara huɗu tana abu ɗaya. Ta cire zuciyar ɗan kwana ɗaya, da ɗan kwana bakwai, da na sha huɗu, da na ashirin da ɗaya, har ɓera ɗari uku da sittin. Ba ta taɓa sabawa ba. Kowanne sai ta riƙe shi a tafin hannu ta ji ɗuminsa, ta yi bisimilla, ta gaya wa kanta cewa ba a banza zai tafi ba. Zuciyar jaririn ɓera ba ta kai ƙwayar dawa ba, saboda haka duka take niƙewa, babu abin ragewa. Sakamako ya fito kamar an zana shi da hannu: ƙwayar da take zargi tana ta hawa, mako bayan mako. Ranar da ta ga layin ya kammala, ta koma gida ta ciro 'yar hular jaririyarta daga ƙasan akwati, ta daɗe tana kallo.

Sai aka aiko wani dattijo daga wata jami'a ya duba aikin. Ya karanta duka, abin da ba kowane mai dubawa ke yi ba. Ya yaba tsabtar hannunta, sannan ya cire tabarau.

"Malama, shi ma'aunin, da me kika auna shi?"

"Ranka ya daɗe, ai da shi kowa yake aiki."

"Kowa babban mutum ne," in ji dattijon, "sai dai ban taɓa ganin ya zo kare aikin wani ba."

Ta roƙi ɓera goma sha biyu a wurin wata abokiyar aiki, ta jera ma'aunin nata da waɗansu ƙwayoyi uku. Mako biyu kacal gwajin ya ci. Ashe zuciyar jariri da sukari take rayuwa, in yaye ya matso sai ta koma ga kitse, ƙwayar da ta riƙe a matsayin ma'auni kuwa ta aikin ƙona sukari ce. Ma'aunin ne ke ta sauka, ita kuma tana ganin ƙwayar da take zargi na hawa. Yaron bai ƙara ko taƙi ba. Bangon ne yake nitsewa.

Kada ka ɗauka ta zauna ta naɗe hannu. Ta sake lissafi ta gaba, ta sake ta baya. Ta rubuta wa masana a ƙasashe uku, biyu suka amsa cikin ladabi da abin da ta riga ta sani. Ta kwashe firjin gwaji kaf ko za ta sami ragowar zuciya ɗaya, ba ta tarar da komai ba sai 'yan kwalabe ɗari uku da sittin, kowacce da kwanan wata da rubutunta mai kyau, babu komai a ciki. Wa'adin karatunta ya cika. Tana nan har yau, tana koyar da 'yan shekarar farko, an ce ta iya koyarwa. Ba ta ƙara taɓa ɓera ba. Hular ta koma ƙasan akwati, tambayar kuma tana inda ta same ta.

Saboda haka gobe ka bar ƙwayarka ta jira. Ɗauki ma'auni uku ko huɗu, ka gwada su a kowane zangon girma, ka ga wanda ya tsaya da gaske. Mako biyu ne, ba za a rufe jami'a ba kafin ka gama. Ita ƙasa da rabin sa'a ta yi wajen zaɓe, sauran shekarun kuma wajen neman mafita. Hausawa dai sun riga mu faɗa: tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma ko ya yi dubu ba zai fito ba.