Tsinke Na Uku

Zauna ki ji, tunda kin ce ke ba kya son ɗora wa kowa nauyinki. An yi wata mata mai saƙa, 'yarta tilo ta tafi karatun likita ƙasar Sin, wani gari da ake cewa ruwa kan daskare a bakin ƙofa. Tun da yarinyar ta tafi, rabin uwar nan yana can. Tana tankaɗe, sai ta ga ƙanƙara ce ke sauka daga rariya, ta hango 'yarta tafe a wani titi mai jajayen fitilu, ta rungume littattafai, kafaɗunta na rawar ɗari. Ana nan ta ji wani ɗan kasuwar unguwa zai je can saro kaya ƙarshen wata. Ta rantse ba zai tashi ba sai da rigar sanyi daga hannunta, kuma mai kitso a gaba, irin wadda zare ke hawa kan zare yana murɗewa. Sai dai ba ta iya ba. Ita wannan saƙa, sai kin zare 'yan idanun saƙar daga kan tsinke, su jira, ki saƙa na bayansu, sannan ki dawo ki ɗauke su. Uwar kuwa da yatsa take danne su, su sulluɓe, saƙa ta warware har ƙasa. Ta yi, ta kwance, ta yi, ta kwance. Ga ƙawarta tashin Jos da ta iya abin tun tana yarinya, amma ina! A ganinta rigar 'yarta bai kamata wani hannu ya shiga ba.

Wata rana kewa ta ishe ta, ta ce bari ta dafa abin da 'yarta ke ci, ko ta ji ɗanɗanon garin a bakinta. Ta gayyaci ƙawayenta uku, har da tashin Jos ɗin, ta shimfiɗa musu tabarma, ta ce kada wadda ta taɓa mata ko wuƙa, su baƙi ne. Ta ɗora kasko, ta zuba nama, ta juya yankan kabeji, yadda ta saba da miya, wadda ake bari ta yi ta tafasa har mai ya taso. To, girkin Sin ba ya jiran kowa. Kafin ta kai ga albasa, ƙauri ya cika gida. Ƙawayen suka yi dariya har da hawaye, suka miƙe ba neman izini. Wannan ta kama yanka, waccan tana fifita gawayi, ɗayar tana tsame taliya, ita kuma tana juya kasko. Ƙamshin ɗanyar citta da tafarnuwa ya tashi, tururi ya lulluɓe su, sai ta ji kamar tsakar gidan ta ɗaga ta sauka a wancan titi, kamar in ta miƙa hannu za ta taɓa mayafin 'yarta. Kuka ya ƙwace mata, ba wadda ta ce ta yi shiru.

Suka zauna ci da tsinkayen cin abinci da yarinyar ta taɓa aikowa, taliya na zame musu, har suka haƙura suka ɗauko cokula. Nan tashin Jos ta hango saƙar a cikin kwando, duk ta yamutse. Ta goge tsinken cin abinci ɗaya da gefen zanenta, ta zura shi cikin idanun da ke sulluɓewa, ta ce, "Haba 'yar'uwa, tsinke biyu ba sa wannan aiki. Dole na uku ya riƙe miki." Kafin la'asar kitso ya fara bayyana. Lokaci kuwa ya ƙure, don haka wata ta ɗauki hannun dama, wata na hagu, wata wuya. Ana gobe ɗan kasuwa zai tashi rigar ta shiga jakarsa, tana ƙamshin citta.

Da hoto ya iso, ga yarinyar tsaye cikin ƙanƙara tana murmushi, ta naɗe hannun rigar na hagu saboda ya fi na dama tsawo. Uwar ba ta taɓa jin kunyar wannan hannu ba, shi take fara nuna wa mutane. Kin ji dalilin da ya sa magabata suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.