Ranar da Kaka Ya Gwada Hancina

"Ajiye littafin nan, ki kawo hancinki," in ji Kaka.

Gobe ne gwajina na neman aiki a masana'antar giyar wuski ta garinmu, nan Cork a ƙasar Ireland, inda ya yi shekara arba'in yana shinshina ganguna. Mutum ɗaya za su ɗauka. Wata uku ina haddace yadda ake haɗa sha'ir mai tsiro da marar tsiro, a tace sau uku a tukunyar jan ƙarfe, amma duk wannan bai burge shi ba.

Ya turo mini kofin gilashi da wani ruwa ja-ja a ciki. "Ki sa ɗigon ruwa ɗaya. Ban da ƙanƙara, ba kifi muke adanawa ba."

"Na sani, Kaka. Yana shafi na tara."

"To me kika ji?"

Haushi na cina. Na kai hanci, na zubo abin da na sani. "Tuffa. Zuma. Da ɗan yaji a ƙarshe. Ta shekara goma sha biyu a ganga."

"Kin tabbata, malama?"

"Haba Kaka! Na tabbata."

Ya dafe goshi, ya juya wajen murhu, inda matarsa ke dafa dankali.

"Tsohuwa, zo ki sha labari. Wai shayinki na jiya ya shekara goma sha biyu."