Awon Damtse

Saratu ta zagaya damtsen Husaini da tef ɗin awo mai launin ja da kore, ta duba, ta saki tsaki. Yana kan ja har yanzu. Mako na tara ke nan!

Shekarar ce da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Masu tallafi suka jibge buhunan madara da garin masara a ɗakin shan magani na Horo Birni, inda take aikin jinya, suka kafa doka guda. Yaron da damtsensa ke kan ja, uwarsa ta karɓi kwano huɗu duk Laraba. Ranar da ya haye kore, a soke sunansa.

Yara da yawa sun haye, an sallame su. Ban da Husaini, ɗan shekara uku, ɗan Shatu, wadda mijinta ya tafi cin rani Ikko ya yi shiru.

Abin ya tsaya wa Saratu a rai. Ta ba shi maganin tsutsa. Ta kai shi asibitin Bodinga da kuɗin motarta aka duba jininsa, ba a ga komai ba. In ta dama masa kunu a gabanta, sai ya shanye har ya lashi kwanon, ya kama zanenta yana kuka. To ina abincin ke tafiya, jama'a?

Ita kuwa Shatu, baiwar Allah, ba ta taɓa fashi ba. Takan bar sauran 'ya'yanta huɗu suna tsalle-tsalle a gindin dogon yaro, ta durƙusa ta ce, "Malama, bai haye ba ko?"

"Bai haye ba. Ki yi haƙuri."

Sai Shatu ta sauke ajiyar zuciya ta miƙa buhunta.

A mako na goma Husaini ya rasu. Saratu ta yi kuka har kanta ya yi ciwo, tana zargin kanta da rashin sanin aiki.

Laraba biyu bayan haka sai ga Shatu da Mode, yayan Husaini, mai kumatun nan da ke jagoran tsalle a gindin dogon yaro, yau yana jan ƙafa. Ta ɗaga masa hannu da kanta, idonta a bushe.

"Malama, gwada wanga. Tun ranar sadakar ukku nike hana mai abinci kamar wancan, in Allah ya so ya kai ja."