Wanda Ya Zare Fulogi

"Kin ma san inda ake kunna ta?" Injiniya ya tambayi sakatariya, yana janye laftof ɗin daga gabanta da yatsa biyu.

Shekara ashirin tana buga takardu a ofis ɗin, amma a idonsa tsohuwa ce kawai da aka ba abin da ya fi ƙarfinta. Ƙarfe sha biyu za a rufe karɓar takardun neman kwangila, intanet kuwa tun safe ya ɗauke.

Ya zare kebul ya mayar. Ya kashe ya kunna. Ya sauya wani kebul, shiru.

"Ɗana, ko za ka duba akwatin nan na bayan kabad?"

"Anti, ki bar wa masu aiki aikinsu."

Manaja ya shigo yana duba agogo. Injiniya ya taɓe baki. "Ranka ya daɗe, na'ura lafiyarta ƙalau. Wani jahili ne ya taɓa abin da bai sani ba. Da ni ne kai, yau zan sallame shi."

Sakatariya ta miƙe ta ture kabad. Akwatin da ke raba wa ofis intanet a mace yake, fuloginsa yashe a ƙasa. A soket ɗinsa an maƙala caja, da waya a jiki, ta cika taf.

Manaja ya ɗaga wayar. Fuskarta ta haska da hoton Injiniya, sanye da baƙin tabarau, yana murmushi.

"Ɗana," in ji sakatariya, "in buga takardar sallamar, ko ita ma in bar wa masu aiki?"