Hajiya Ta Zo Cire Ɗanta

"Tun safe nake kiranki a bidiyo, kin ƙi ɗagawa."

Hajiya Bahijja ce ta faɗo gidan rainon Maman Rahma a Tudun Wada, ko sallama babu. Direba ke kawo ɗanta Adnan kullum. Ita daga ofis take nata rainon ta waya: kar ya taka ƙasa, kar a ba shi koko, a turo hoton kashinsa.

"Hajiya, na sha gaya miki, in ina ba yara abinci ba na taɓa waya," in ji Maman Rahma.

"To yau na cire shi. Uwa kaɗai ta san ɗanta."

Ta suri yaron da ke kan tabarma, ta juya shi gaba da baya. "Dubi yadda ya rame. Har baƙi ya yi. Kuma wa ya sa masa rigar gwanjo?"

Yaron ya fashe da kuka.

Maman Rahma ta ajiye cokali. "Hajiya, sauke Wisdom, ɗan Suzana ne. Naki ga shi nan a bayana ya riƙe min zane. Ƙiwa yake yi wa baƙi."