Tarin Malam

Numfashin jaririyar sama-sama yake fita, likita kuwa ya rubuta allura ya wuce ɗakin tiyata. Malam ya rungume jikarsa yana kallon ma'aikaciyar jinya da ke tsaye gaban kabad ɗin magani, kwalba ɗaya a kowane hannu.

"'Yata, hanzarta don Allah. Jikinta sai ƙara zafi yake."

"Yanzu, Baba."

Amma ba ta motsa ba. Ta kai kwalbar dama kusa da idonta, leɓɓanta na motsi tana haɗa baƙi ɗaya bayan ɗaya, ta duba takardar likita, ta koma kan ta hagu.

Da ta ɗago, sai fuskarta ta washe. "Laa, Malam! Ba ka gane ni ba? Kai ka tsare mu a jarrabawar fita sakandare. Wallahi ba don kai ba, da ban kawo nan ba."

Malam ya dube ta da kyau. Ya tuna zauren nan, yana zagayawa tsakanin kujeru, hannu a baya: tari ɗaya amsar farko, tari biyu ta biyu. Taimako yake kiran abin a lokacin. Ajin gaba ɗaya suka ci.

Ta ɗaga kwalaben biyu ta zuba masa ido, irin kallon da ya sani sarai.

Maƙogwaronsa ya fara ƙaiƙayi. Malam ya toshe bakinsa da tafin hannu, ya danne tarin har idanunsa suka kawo ruwa.