Malamar da Ta Mayar da Motar Kayan Aro

Tunda an ɗora maka wannan aiki na duba ingancin karatu, zauna ka ji abin da ya faru da wata da ta riga ka.

A wata jami'a an yi wata malama da ta ƙare ƙuruciyarta tana nazarin tsarin ilimi, har ta yi digirin digirgir a kansa. Da aka buɗe ofishin kula da ingancin karatu, sai aka ba ta shugabancinsa. Ba ta daɗe ba takarda ta iso cewa masu tantance kwasa-kwasai za su zo duba sashen da ke koyar da gwajin jini da na cututtuka. To, a wancan lokaci kowa ya san yadda ake tarbar irin waɗannan baƙi. A aro na'urori daga wata makaranta, a aro littattafai a jera a kanta, a aro malamai shida ko bakwai a manna sunayensu a ƙofofi. Baƙi su yi kwana uku su yaba, su tafi, mota ta kwashe komai ta mayar. Ita kanta, tana ƙaramar malama, an taɓa aro ta haka, ta yi wuni uku a wani ofis tana murmushi ga mutanen da ba ta sani ba, kuma abin bai taɓa barin ranta ba.

Wata safiya, ba tare da ta sanar da kowa ba, ta leƙa ɗakin gwaje-gwajen sashen. Ta tarar da ɗalibai tamanin da ɗoriya, 'yan shekarar ƙarshe, sun yi layi a kan madubin duba ƙwayoyin cuta guda biyu, ɗaya ma a fashe. Malaminsu kuwa yana zana ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da alli a jikin allo. Ta kira wata ɗaliba ta ce ta nemo mata ƙwayar a cikin ɗigon jini. Ɗalibar ta murɗa nan, ta murɗa can, daga ƙarshe ta sunkuyar da kai ta ce sau biyu kacal ta taɓa sa ido a madubin tun shigowarta. Ran da motar kayan aro ta iso bakin ƙofa, sai malamar ta ƙi sa hannu a takardar shigar da su. Shugaban jami'a ya kira ta ya ce, "Malama, kowa fa haka yake yi. So kike a rufe mana sashe?" Ta ce, "Ranka ya daɗe, baƙin nan kwana uku za su yi. Yaran nan kuwa jinin mutane za su yi ta dubawa har tsufansu." Sai ya ce duk abin da ya biyo baya a wuyanta yake. Mota ta juya da kayanta.

Da baƙi suka zo, ita ta shige gaba. Ta buɗe musu kowace ƙofa, ta nuna musu fasasshen madubin, da famfon da ba ya kawo ruwa, da malamai uku da ke aikin mutum goma. Bayan wata biyu sakamako ya fito: sashe bai ci ba, an dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai, na ciki kuma sai sun ƙara shekara. Ba ƙaramar wuya ta sha ba. Abokan aikin da suke cin abinci tare suka daina amsa sallamarta. Ɗalibai suka taru a ƙofar ofishinta suna kiran ta mai baƙin ciki. Takardunta na ƙarin girma suka kwanta a wani teburi, ba mai tuna su. Akwai ranakun da ta zauna cikin motarta ta kasa fitowa, tana tambayar kanta ko ta cuci yaran da take son ceto.

Amma abin da aka rubuta ya rubutu. Shekara da shekaru sashen yana roƙon kayan aiki, masu riƙe da jami'ar suna amsawa da cewa ai masu tantancewa sun ce ba abin da kuka rasa. Yanzu wannan amsa ta mutu. Malamar ta ɗauki rahoton masu tantancewa ta yi ta zarya da shi, daga majalisar jami'a zuwa ma'aikatar ilimi, har aka gaji da ganinta aka tashi tsaye. Kafin damina biyu an gina sabon ɗakin gwaje-gwaje, an zuba madubai arba'in, an ɗauki malamai na dindindin. Da baƙi suka dawo, sai ta bar su da ɗalibai. Baƙin suka zaɓi ɗalibin da suka ga dama, suka miƙa masa jini, kafin su gyara zama ya faɗi abin da ke ciki. Sashe ya ci da cikakken maki, asibitoci suka fara rububin ɗalibansa tun kafin su karɓi takardar kammalawa.

Daga nan wasu jami'o'i suka shiga aiko mata ta zo ta duba su tun kafin a duba su. Aka sa ta cikin masu tsara sababbin ƙa'idojin tantancewa, aka ba ta kujerar farfesa. Ranar da ta gabatar da laccarta ta kama kujera, zauren ya cika har waje, kuma waɗanda suka fi kowa tafi su ne ɗaliban nan da suka taɓa yi mata ihu, sun zo daga asibitoci daban-daban cikin fararen rigunansu.

Saboda haka idan ranar dubawa ta zo, kada ka ji kunyar nuna inda ke ciwo. Hausawa sun riga sun gama magana: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.